Yadda ake gwada tsaron cikin gida na banki: amsa ga wani ma'aikaci a Damagaram

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ɗora mini nauyin kula da tsaron cikin gida, wato matakan hana ɓarna da kuskure a ayyukan kuɗi, a wani reshen banki a nan Damagaram, kuma an ce mana masu binciken Hukumar Bankuna za su zo bankinmu, mai yiwuwa su biyo ta reshenmu. Muna da littafin ƙa'idoji, kuma kowace takarda sai mutum biyu sun sa mata hannu. Ta yaya suke gane cewa matakan nan suna aiki da gaske? Ni kuma me ya kamata in riƙa gwadawa da kaina?

Amsa: Barka kadai, ƙanena, Allah ya taya ka riƙo. Littafin ƙa'idoji da sa hannu biyu su ne farkon abin da za a duba, amma mai bincike ba ya daɗewa a kansu. Tambayar da ke ransa game da kowane mataki ita ce: wannan matakin ya taɓa tsayar da wani abu kuwa? In mai sa hannu na biyu ya shekara yana amincewa da dubban takardu bai taɓa mayar da ko ɗaya ba, za a ɗauka ba ya dubawa, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Kuma hujjar, mai binciken ne zai zaɓo ta da kansa daga inda reshe ba ya iya gyarawa. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan waɗannan biyun yake tsaye.

Masu zuwan daga Commission Bancaire suke, wato Hukumar Bankuna ta UMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda sakatariyarta ke Abijan, gwamnan BCEAO, babban bankin yankin, ne ke shugabantarta, kuma ita ke sa ido kan bankunan ƙasashe 8. An kafa ta a 1990, bayan durƙushewar bankuna da dama a yankin cikin shekarun 1980. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana, don a lokacin ne BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, ta faɗi, SONIBANK ta taso a gurbinta. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga UMOA ba. Ma'aunin da za su auna ku da shi yana cikin takardun umarni biyar na 2017, musamman ta uku, mai lamba 03-2017, wadda ta shafi tsaron cikin gida, sai kuma tsarin Basel II da III, ƙa'idojin duniya kan jarin banki, da ya fara aiki a yankin ranar 1 ga Janairu 2018. Ma'aunin ya raba tsaro hawa uku: masu yin aikin da shugabanninsu, sai irinku masu bibiya kullum tare da masu kula da haɗari da bin doka, sai masu binciken cikin gida da ke kai rahoto ga kwamitin bincike na majalisar gudanarwa. Hukumar tana bincike iri biyu, na takardun da banki ke aika mata da na zuwa da ƙafa. Kafin su sauka a Yamai sun riga sun karanta alƙalumanku, sun san reshen da bashinsa ya yi tsalle cikin wata shida da wanda asusun jiransa, inda ake ajiye cinikin da ba a gama gane mai shi ba, ya kumbura.

Ana gwada mataki ta fuska biyu. Ta farko, in an bi shi yadda aka rubuta, zai hana ɓarnar da aka kafa shi dominta? Ta biyu, ana bin sa kuwa, kowace rana, har ranar da shugaban reshe ya yi tafiya? Don amsa ta farko, mai bincike yakan ɗauki ciniki guda ya bi shi daga kanta har ya shiga babban lissafi, yana tambayar kowa abin da ya yi da takardar, yana neman a nuna masa a kwamfuta. A nan ake gano irin matakin da ke zuwa bayan kuɗi sun riga sun fita, kamar duba sa hannun mai cek da yamma bayan an biya shi da safe. Irin wannan ko an bi shi ɗari bisa ɗari bai tsare komai ba, ba a ma ɓata lokaci wajen ɗaukar masa samfuri.

Ta fuska ta biyu, hujjoji hawa-hawa ne. Mafi rauni ita ce tambayar ma'aikaci, don zai faɗa maka abin da littafi ya ce. Sai kallonsa yana aiki, amma kowa yakan gyara zama in ana kallonsa. Sai duba takardun watannin baya. Mafi ƙarfi ita ce ka sake yin aikin da hannunka: ka sake lissafa ruwan bashi, ka sake ƙidaya kuɗin, ka sake daidaita asusun, ka ga ko za ka iso inda suka iso. Akwai kuma gwajin da nake ganin ya fi kowanne arha da amfani, wato ka sa a yi ƙoƙarin karya matakin a gabanka. Ka ce wa kashiya ya shigar da biyan da ya wuce iyakarsa, ko ya yi ƙoƙarin amincewa da abin da shi kansa ya shigar, da sanin shugaban reshe da sashen kwamfuta. In na'ura ta ƙi, gani ya kori ji. In ta yarda, a soke cinikin nan take a rubuta.

Inda sababbin masu bincike suka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen samfuri. Kada ka ce a kawo maka dosiye 20 na bashi, don waɗanda suka fi kyau za a kawo. Ka nemi cikakken jeri kai tsaye daga babbar na'urar banki a Yamai, ka haɗa jimillarsa ka gwada da abin da ke babban lissafi. In jimillar ba ta yi daidai ba, an cire wani abu daga jerin, kuma wannan abin da aka cire shi za ka fara nema. Daga nan ka zaɓa iri biyu. Akwai waɗanda za ka ɗauka da gangan: manya, da waɗanda suka tsaya dab da ƙarƙashin iyakar ikon reshe, da waɗanda aka shigar bayan an rufe ƙofa ko a ranakun ƙarshen wata. Sauran kuma ta hanyar ƙuri'a, ko ka raba yawan jerin da yawan da kake so, ka riƙa ɗauka da wannan tazara.

Yawan samfurin lissafi ne ke yanke shi. In ka duba guda 59 da aka zaɓa ta ƙuri'a ba ka sami kuskure ko ɗaya ba, kana iya cewa da tabbacin kashi 95 cikin 100 kuskuren bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. In ka sami guda ɗaya, sai ka kai 93 ba tare da ƙarin wani ba kafin ka iya faɗin maganar nan. Hanya mai sauƙin riƙewa ita ce ka raba 3 da yawan abin da ka duba: 30 ba kuskure yana nufin ɓarnar tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 ba ka gan ta ba. Shi ya sa wanda ya duba takarda 10 ya rubuta cewa komai lafiya bai faɗi abin dogaro ba. A aikace, matakin da ake yi sau da yawa a yini akan ɗaukar masa 25 zuwa 60, na kullum 20 zuwa 40, na mako-mako 5 zuwa 15, na wata-wata 2 zuwa 5. Takardar da aka ce ta ɓace kuskure ce, ba a musanya ta da wata. Kuma samfurin ya ratsa shekara duka, ya haɗa da kaka, lokacin da kuɗin wake da gyaɗa da riɗi ke cika kanta, da makon babbar salla da cinikin dabbobi ke tashi, don matakai sun fi karyewa a ranakun cunkoso.

Ƙidayar kuɗi ba a sanar da ita. Ka iso kafin a buɗe ko dab da rufewa, ka buga ragowar da na'ura ke nunawa kafin kowa ya taɓa komai, sa'an nan a tsayar da dukkan akwatunan kashiya da ɗakin ajiya da na'urar cire kuɗi a lokaci guda. In ka ƙidaya akwati na ɗaya yau na biyu gobe, kuɗi ɗaya ne za su iya cike giɓi biyu. Mai riƙe da kuɗin shi ke ƙidayawa kana tsaye, kada ka keɓe da su ko na minti ɗaya. A kwance ƙunshi, kada a tsaya ga ƙirga ɗauri, don akan sami ƴan jikka goma a sama da ƙasa, ƙananan takardu a tsakiya. Abin da aka fi samu ma ba sata ba ce ƙiri-ƙiri. Ƴar takarda ce a cikin akwati mai cewa wane ya karɓi jikka ɗari biyar zai dawo da su, ko cek ɗin wani babban ɗan kasuwa da ba a rubuta masa kwanan wata ba, an lissafa shi a matsayin tsabar kuɗi. Wannan bashi ne da ba wanda ya amince da shi, kuma haka za a rubuta shi ko da an dawo da kuɗin kafin la'asar. Ka duba littafin mabuɗan ɗakin ajiya: ranar da ɗaya daga masu mabuɗi biyu ya tafi hutu, wa ya karɓa, ya sa hannu? Sau da yawa za ka tarar ya bar wa abokin nasa ne, mabuɗi biyu sun koma aljihu ɗaya. Ka gwada ragowar kowace rana da iyakar da inshora ta ɗauka. Kuɗin da aka ce an kai reshen BCEAO na nan Zinder kuwa, ka gwada ranar fitarsu da ranar da suka bayyana a takardar lissafin BCEAO. Cikin gari ɗaya babu dalilin kuɗi su kwana uku a hanya.

In reshenku yana aika masu karɓar ajiya cikin Kasuwar Dole, ka karɓi rasit daga hannun masu ajiya da kansu, ka gwada kwanan watan da ke jikinsa da ranar da kuɗin suka shiga asusu. Mai cin ajiya yakan biya na Litinin da kuɗin Laraba, na Laraba da na Juma'a, tazarar tana ƙaruwa a hankali. Lambobin rasit su bi juna, wanda aka soke a ga asalinsa.

Na'ura takan faɗi abin da takarda ta ɓoye. Ka ɗauko jerin masu izinin shiga, ka gwada da jerin masu karɓar albashi: wanda ya bar aiki ko aka mayar Maradi, lambarsa tana raye? Wanda ke hutu, an shiga da sunansa? Ka fitar da cinikin da aka shigar aka kuma amince da shi a kwamfuta ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan alama ce cewa shugaba ya ba yaronsa lambar sirrinsa don kada a riƙa taso shi. Ka kuma nemi ranakun da rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke aka koma aikin hannu. Me aka biya a ranakun nan, wa ya ba da izini, yaushe aka shigar da shi? A reshen da ke da nisan kusan kilomita 900 daga cibiya, ranakun aikin hannu su ne ƙofar da ta fi faɗi.

Asusun jira, inda ake ajiye cinikin da ba a gama gane mai shi ba, da asusun da ke tsakanin reshe da cibiya, nan nake so ka fi zama. Ragowar da ke ƙasa ba ta gaya maka komai, don miliyan 40 na shiga da miliyan 40 na fita suna ba da sifili alhali babu ruwan wannan da wancan. Ka warware su layi-layi, ka jera su bisa kwanakinsu: ƙasa da 30, 30 zuwa 90, sama da 90. Layin da banki ke bin wani, wanda ya tsufa ba mai nemansa, sau da yawa asara ce da aka ƙi rubutawa ko kuɗin da aka ɗiba. Ka kula da layin da ake gogewa ranar 30 ga wata ya sake bayyana ranar 2 da adadi ɗaya da sabuwar lamba, an mayar da shi yaro ke nan don kada ya shiga jerin tsofaffi. Sa'an nan ka tambayi wa ke daidaita asusun. In wanda ke shigar da ciniki a cikinsa shi ne ke daidaita shi, babu mataki a wurin sam. Bankin Barings na Ingila da ya faɗi a Fabrairun 1995 ta nan ya tafi: ma'aikacinsa a Singafo, Nick Leeson, shi ke ciniki shi ke kula da masu rubuta cinikin, ya riƙa tura asara cikin asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827.

Amma abin da ya fi kashe bankuna a ƙasashe irin namu bashi ne, kuma nan masu binciken Hukumar za su ƙare yawancin kwanakinsu. Ƙa'idar BCEAO ita ce bashin da aka yi sama da kwana 90 ba a biya wani kaso nasa ba ya shiga sahun masu shakku, an kuma ɗaga wa'adin zuwa kwana 180 ga ƙanana da matsakaitan kamfanoni da hukumomin gwamnati. Da zarar ya shiga sahun sai banki ya ware masa kuɗin cike gurbi, riba ta ragu, wani lokaci jari ma ya taɓu, alhali ana son jarin ya kai kashi 11.5 cikin 100 na kadarorin da aka auna da haɗarinsu. Ka ga dalilin da ya sa hannu ke ƙaiƙayin gyara kwanaki. Don haka kada ka karɓi shekarun bashi daga rahoton reshe. Ka ɗauki jadawalin biya na asali da takardar motsin asusun mai bashin, ka ƙirga kwanakin da kanka. Ka nemi sabon bashin da aka saki kwana kaɗan kafin tsohon ya cika 90, ka bi kuɗin ka ga ko sun fita daga banki ko sun juya sun biya tsohon. Ka nemi asusun da ke zaune sama da iyakar da aka yarje masa wata da watanni, wanda ake zuba masa kuɗi a ƙarshen wata a kwashe su a farkon na gaba. Ka nemi jadawalin da aka sake tsarawa ba tare da kwamitin bashi ya zauna ba. Kowane ɗaya daga cikin nan bashi ne da ya mutu ana yi masa kwalliya.

Sai batun haɗa masu bashi. Doka ta ce abin da banki zai ba mutum ɗaya ko gungun da ke da alaƙa kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na ainihin jarinsa, kuma kowane reshe yana da iyakar da zai iya bayarwa ba tare da ya tambayi Yamai ba. A garin da gida ɗaya ke fataucin hatsi da sufuri da sayar da mai, wa da ƙane da ɗa da yaron shago kowa da takardar kasuwancinsa, abu ne mai sauƙi a yanka bashi ɗaya gida biyar, kowane yanki ya tsaya ƙarƙashin iyaka. Gwajinsa ba shi da wuya: ka jera masu bashi bisa lambar waya, da mai tsaya musu, da filin da aka jinginar, ka duba inda kuɗin suka nufa a mako na farko bayan an sake su. In biyar ɗin sun zuba a asusu ɗaya, mutum ɗaya ne. Ka kuma duba ko an nemi bayaninsu a rumbun bayanan bashi na BCEAO da ofishin bayanan masu bashi kafin a amince, ka kalli kwanan watan da ke jikin takardar neman. Wadda aka buga bayan an saki kuɗi ado ce kawai.

Jingina a je a gan ta. Takardar sayen fili daban take da cikakkiyar takardar mallaka, kuma a ƙarƙashin dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar ke bi, jinginar gida ko fili sai an yi mata rajista a ofishin filaye take kare banki daga sauran masu bin bashi. Ka nemi shaidar rajistar, ka tabbatar asalin takardar yana ɗakin ajiya, kwafi ba ya wadatarwa. In jinginar kaya ce, misali buhunan wake a sito, ka shiga da kanka ba tare da sanarwa ba. Ka ƙirga tsawo da faɗi da hawa, ka sa a ɗaga wasu buhuna daga sama, don akan jera bango a bar tsakiya fayau. Ka soka ka ga ko ƙwari sun cinye, ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗin siton. In mai bashin ne, kayan nasa ne ba na banki ba. Ƙimar kuma a sake ta da farashin yau. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Kano ta Matamai ko Magariya da naira ake biyansa, bashinsa kuwa na sefa ne. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023, da faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, duk sun taɓa irin waɗannan mutane. Dosiyen da bayanin ƙarfin biyansa bai canja ba a duk tsawon wannan lokaci, ba a buɗe shi ba ne.

Bashin na-gida yana da tasa ƙa'idar: jimillar abin da za a ba shugabanni da ma'aikata kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na jarin banki, kuma wanda za a ba shugabanni da manyan masu hannun jari, komai ƙanƙantarsa, sai dukkan ƴan majalisar gudanarwa sun amince. Wannan gwajin a cibiya ake yin sa, amma sunayen aro sau da yawa a reshe mai nisa ake ajiye su. Maƙwabtanmu sun ga abin da ke biyo baya in an bar bashi ba bincike: ranar 14 ga Agusta 2009, bayan binciken musamman, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, alhali rahotannin da bankunan ke fitarwa kafin nan suna nuna riba.

Asusun da ya kwanta ma abin lura ne. Doka ta ce wanda ya shekara 10 ba motsi a miƙa kuɗinsa ga BCEAO, amma haɗarin yana farawa tun kafin nan, musamman asusun mamaci ko na wanda ya daɗe a ƙasar waje. Ka fitar da duk wanda aka tayar cikin shekara, ka ga ko an canja lambar wayarsa kwana kaɗan kafin a cire kuɗi, sa'an nan ka kira tsohuwar lambar da kanka. Masu dangwala yatsa su ne suka fi saurin cutuwa, don da yawansu sukan miƙa wa ma'aikacin da suka sani komai bisa amana. Kuɗin mutanen nan ne ake tsarewa, kuma wanda aka cuta a cikinsu da wuya ya sake taka ƙofar banki. A ɓangaren halasta kuɗin haram kuwa, ka duba ƙararrawar da na'ura ta tayar, nawa aka rufe, da wane dalili, nawa suka kai ga sanar da CENTIF, hukumar da ke karɓar rahoton cinikin da ake zargi. In dalilin duka iri ɗaya ne, cewa an san mutumin, to ba a bincika ba.

Na san za ka ce reshe mai mutum shida ko bakwai ba zai iya raba kowane aiki ga mutum biyu ba, kuma gaskiyarka. Masu bincike ma sun sani. Abin da suke nema shi ne madadin da ke aiki: amincewa da manyan ciniki daga cibiya ta na'ura, saƙon waya ga mai asusu a kan kowane motsi, hutun dole na kwanaki a jere da za a rufe lambar mutum wani ya zauna a kujerarsa, da canja wa mutane wurin aiki lokaci-lokaci. Ma'aikacin da ya shekara uku bai yarda ya tafi hutu ba a duba teburinsa, ko da kowa na yabon ƙwazonsa. Akwai kuma abin da littafin ƙa'idoji ba ya faɗa, wato kunya da ganin girma. Yaro ɗan shekara 26 ba ya iya mayar wa shugabansa takarda cikin sauƙi, balle ya ce wa Alhajin da ya san mahaifinsa ya dawo gobe. Maganin wannan shi ne a ɗora ƙin a kan na'ura da cibiya, yadda yaron zai ce ba a hannunsa abin yake ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kai kanka za a tambaye ka wa kake kai wa rahoto, wa ke rubuta maka shaidar aiki a ƙarshen shekara. In shugaban reshen da kake bincika ne, wannan kaɗai rauni ne da za su rubuta, kuma gara ka riga su faɗa wa shugabanninka na Yamai a rubuce.

Kafin su iso, kada ka bari kowa ya cike sa hannun da aka tsallake ko ya sa kwanan watan baya. Ana gane shi, don tawada ɗaya ce da hannu ɗaya a kan takardun wata takwas, kuma na'ura tana riƙe da sa'ar da aka yi komai. Giɓin sa hannu rauni ne da ake ba da wa'adin gyarawa. Ƙirƙirar takarda kuwa tana jawo hukunci a kan mutum, kuma ikon Hukumar ya kama daga gargaɗi da zargi har zuwa dakatar da shugabanni, da naɗa mai riƙon ƙwarya, da janye lasisi. Abin da zai taimake ka shi ne takardun gwajinka na kanka: me ka gwada, daga wane jeri, guda nawa, me ka samu, wa ka gaya wa, yaushe. Kowane kuskure ka rubuta dalilinsa, ko rashin sani ne, ko ƙarancin hannu, ko umarni daga sama, don maganin kowanne daban. Ka haɗa da jerin abubuwan da binciken baya ya ce a gyara. Wanda aka rubuta masa "an gyara" kada ka rufe shi da wasiƙar shugaban sashe. Ka jira ciniki ya taru bayan ranar da aka ce an yi gyaran, wata biyu ko uku ga matakin kullum, ka ɗauki sabon samfuri daga cikin waɗannan kaɗai, ka sake gwajin da ya kama raunin tun farko.